Sababbin zuwa Ingila, ku kula da mussa lokacin wasan wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kebbi da Zamfara da kunka iso Ingila kwanan nan. Daga ƙarshen Oktoba za ku fara jin fashe-fashe da dare kamar ana ɓarin wuta, to hankalinku ya kwanta, nokawut ne da wasan wuta. Na san wanda ya baro Gusau ko Zurmi ko Zuru ba ƙaramin firgita zai yi ba in ya ji wannan ƙara, Allah ya kawo mana zaman lafiya gida. Babban daren shi ne 5 ga Nuwamba, ga bikin Diwali na Indiyawa, ga daren sabuwar shekara. Doka ta hana kunnawa daga 11 na dare zuwa 7 na safe, amma ran 5 ga Nuwamba ana kaiwa 12, Diwali da sabuwar shekara har 1 na dare.

To in kai da ka san dalili gabanka ya faɗi, ina ga mussa, wadda kunnenta ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Ko taku ce da yara sunka matsa anka ɗauko, ko ta mai gidan haya, ko ta tsohuwar da kike kula da ita wurin aiki, amana ce hannunku. A gida mun saba mussa ta yi yawonta ta haura katanga ta dawo, nan in ta firgita ta zabura titi take faɗawa, ga motoci ga sanyi.

A Nuwamba wajen 4:30 rana ta faɗi, don haka tun la'asar ku shigo da ita, a rufe tagogi da 'yar ƙofarta ta jikin ƙofa, a saki labule, a kunna talabijin ko rediyo daidai wadaida. Wasu na jin nauyin rufe ta saboda hadisin matar da ta kulle kyanwa, ai waccan hana ta ci da sha ta yi har ta mutu, ku kuwa za ku aje mata abinci da ruwa da kwanon yashinta na ba-haya.

Za ku gan ta ta lafe kunnuwa, idanu sun yi baƙi ƙirin, ta shige ƙarƙashin gado ko bayan kujera. Don Allah ku bar ta nan, kar yara su jawo ta wai za su lallashe ta, yakushi za su sha kuma tsoronta ya ƙaru. Kwali da tsohon bargo a lungu ya wadatar. In ta yi fitsari kan kafet kar a doke ta, tsoro ne.

Tun 10 ga Yuni 2024 wajibi ne a Ingila a sa wa mussa maikurocif, wato 'yar ƙaramar na'ura mai lamba da ake sawa ƙarƙashin fatarta, kafin ta kai sati 20, tarar na iya kai fam 500, kuma da shi ake gane mai ita in ta ɓata, sai ku tabbatar lambar wayarku ta yanzu ce a rajistar.

Sai abin da ya fi damuna, mu mutane ne masu saurin ba da magani. Kar ku kuskura ku ba ta farasitamol ko maganin barcinku, ƙwaya guda na iya kashe ta. In tsoron nata ya yi yawa har ta bar cin abinci, ku kai ta ga likitan dabbobi tun kafin daren ya zo, akwai irin su Feliway, wani ruwa da anka yi don kwantar wa mussa hankali, da ake jonawa a soket, shi zai faɗa muku wanda ya dace da ita.