Bayan an yanke ƙafa, ga abin yi

In ɗan'uwanka ya rasa ƙafa sanadin hatsarin moto ko mota, abu na farko shi ne ciwon, a riƙa wanke shi ana canza bandeji yadda lokotoro ya ce, in ya fara wari ko zazzaɓi ya taso a koma asibiti take, kar a tsaya shafa maganin gargajiya. A riƙa naɗe dungulmin da bandeji mai talewa don kumburi ya sauka, kuma kar a bar gwiwa a lanƙwashe kullum, takan ƙage, ƙafar roba ta ƙi zama.

Zai ce yana jin zafi a ƙafar da babu, wallahi gaskiya yake faɗi, jijiyoyi ne, ba aljanu ba. Ku zauna da shi, ku fitar da shi fada ya sha shayi da abokai.