Yadda Ake Tantance Sahihancin Saƙon Imel

An rubuta ƙa'idar SMTP, wadda saƙonnin imel ke tafiya a kanta, a shekarar 1982, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar kwamfutoci 'yan kaɗan ne, kuma ba a yi mata tanadin tantance mai aikawa ba. Saboda haka har yau duk wanda ya san kan abin yana iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikawa, kamar yadda mutum zai rubuta adireshin wani a bayan ambulan ya jefa a akwatin gidan waya. Daga baya ne aka ƙara hanyoyin bincike, kuma sakamakonsu yana nan a cikin kowane saƙo ga wanda ya san inda zai duba.

Mataki na farko shi ne ka karanta cikakken adireshin mai aikawa. Manhajoji da yawa, musamman na waya, suna nuna suna ne kawai su ɓoye adireshin, alhali kowa na iya sanya sunan da ya so. Ka taɓa sunan domin adireshin ya bayyana, sannan ka mai da hankali kan abin da ke bayan alamar @, wato sunan gidan da saƙon ya ce daga can ya fito. Ka karanta shi harafi bayan harafi, domin 'yan damfara kan yi rajistar suna mai kama da na gaskiya: haruffan r da n idan suka jeru suna kama da m, har example.com da exarnple.com su zama kusan ɗaya a ido, kuma akwai haruffan rubutun Rashanci da ba a iya bambanta su da a ko o na boko. Daga nan ka danna maɓallin amsawa ba tare da ka aika komai ba, ka ga adireshin da amsar za ta tafi. Idan ya saɓa da na mai aikawa, akwai abin dubawa.

Mataki na biyu shi ne buɗe kanun saƙon, wato bayanan da sabobi (kwamfutocin da ke karɓar saƙonni suna tura su gaba) ke rubutawa a samansa yayin da yake wucewa. A Gmail ana danna ɗigo uku da ke gefen saƙon a zaɓi "Show original", a Outlook na intanet kuma ana neman "View message source". Wannan aiki ya fi sauƙi a kwamfuta.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci. Ka nemi layin da aka rubuta "Authentication-Results", wanda sabar da ta karɓar maka saƙon ta rubuta, inda za ka ga sakamakon gwaje-gwaje uku, kowanne da "pass" idan ya ci ko "fail" idan ya faɗi. SPF yana duba ko sabar da ta kawo saƙon tana cikin jerin waɗanda mai sunan gidan ya bayyana cewa su ne ke aika saƙo a madadinsa. Sai dai adireshin da yake gwadawa shi ne na layin "Return-Path", wanda mai karatu ba ya gani, don haka ɗan damfara na iya cin gwajin SPF da gidansa na kansa alhali ya rubuta sunan banki a inda ido ke kallo. DKIM kuwa sa hannu ne na lissafi da sabar mai aikawa ke yi da wani mabuɗi na sirri, mai karɓa kuma ya tabbatar da shi da mabuɗin da gidan ya wallafa ga kowa. A layin "DKIM-Signature" ka duba abin da ke bayan d=, domin shi ne gidan da ya sa hannun. DMARC, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2015, shi ne ke haɗa su: ba ya ci sai aƙalla ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu ya ci, kuma gidan da ya ci ɗin ya dace da wanda ke cikin adireshin da kake gani. Shi ya sa idan lokaci ya ƙure, sakamakon DMARC za ka fara dubawa. Tun daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙonni da yawa amfani da dukkan ukun, don haka saƙon da ya ce daga babban kamfani yake amma ya faɗi DMARC abin zargi ne ƙwarai.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ganin "pass" sau uku a saki jiki. Tambayar da ta dace ita ce, wane gida ne ya ci gwajin? Wanda ya yi rajistar exarnple.com zai iya tsara masa SPF da DKIM da DMARC cikin ɗan lokaci, su ci gaba ɗaya, domin da gaske saƙon daga gidan nasa ya fito.

Mataki na huɗu shi ne bin layukan "Received", waɗanda ake karantawa daga ƙasa zuwa sama, tunda kowace saba a sama take ƙara nata. Na saman, waɗanda kamfanin imel ɗinka ya rubuta, su ne abin dogaro. Na ƙasan mai aikawa na iya ƙirƙirarsu.

Mataki na biyar ya shafi sauya abin da ke cikin saƙon. Sa hannun DKIM yana ɗaure jikin saƙon ta hanyar lambar da ke bayan bh=, da kuma layukan da aka lissafa bayan h=, kamar mai aikawa da take da kwanan wata, ta yadda canza kalma ɗaya a hanya zai karya shi. Wannan na nufin cewa hoton saƙo, ko saƙon da wani ya turo maka a matsayin shaida, ba ya tabbatar da komai, domin rubutu ne da kowa zai iya gyarawa kafin ya tura. Idan ana jayayya kan abin da wani ya rubuta, a nemi ainihin saƙon a matsayin fayil mai ƙarewa da .eml, da kanunsa cikakku. Masu buƙatar tabbacin mutum da kansa, ba gidansa kawai ba, suna amfani da tsarin sa hannu na lissafi da mabuɗin mutum na kansa, wato S/MIME ko PGP, wanda Phil Zimmermann ya fitar a 1991, ko da yake kaɗan ne ke jure wahalar tsara su. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar gwaji ba kullum take nufin ha'inci ba, domin tura saƙo kai tsaye daga wani akwati zuwa wani yakan karya SPF, sabar da ke ƙara rubutu a ƙasan saƙo kuma ta karya DKIM.

Mataki na ƙarshe ba a cikin imel ake yin sa ba. Idan ɓarawo ya sace kalmar sirrin wani ya shiga akwatinsa, saƙon da zai aiko zai ci kowane gwaji, har ma ya zo a cikin tattaunawar da kuka riga kuka fara. Girman kamfani ma ba kariya ba ne: tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi sojan gona da sunan kamfanin Quanta Computer na Taiwan, ya sa Google da Facebook suka biya shi fiye da dala miliyan 100 ta hanyar saƙonni da takardun neman biya na bogi, kafin wata kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara 5 a 2019. Don haka duk saƙon da ya nemi a canza asusun da ake biyan kuɗi, ko a shigar da kalmar sirri, ko a buɗe wani fayil cikin gaggawa, a kira mai shi ta lambar da aka riga aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Idan ya tabbata na jabu ne, kada a goge shi nan take. A miƙa shi ga masu kula da kwamfutocin ma'aikata a matsayin fayil domin kanunsa su isa gare su, sannan a danna maɓallin kai rahoto da ke cikin manhajar.