Yadda ake sayen tsohuwar a-kori-kurar sojan Amurka a kuma iya zama da ita

Ranar da janwe ya sauke ta a ƙofar gida, uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, wannan mota ce ko tarakta?" Ban ba ta amsa ba, don tana tsakanin biyun. Chevrolet ce samfurin M1008, cikin a-kori-kurar da rundunar sojan Amurka ta saya da yawa a tsakiyar shekarun 1980 a ƙarƙashin shirin CUCV. Dabarar shirin ita ce a ɗauki motar da ake sayarwa a kasuwa, a ƙara mata ƙarfi, a yi mata fentin soja, maimakon a ƙera sabuwa daga tushe. 'Yan uwa mazauna nan Amurka da ke bibiyar gwanjon motoci sukan ga farashinta ya yi sauƙi su kira ni. Ga abin da nake gaya musu, bi da bi.

Da farko, ka san jaki za ka saya, ba doki ba

Injinta na man gas ne, V8 mai lita 6.2, ba shi da turbo, ƙarfinsa kimanin doki 135. Giyarta mai canza kanta ce, TH400, hawa uku kacal. An haɗa mata aksul masu lissafin 4.56, wato na jan kaya da fita daga laka. Sakamakon haka, tana kai mil 55 a awa, kusan kilomita 90, za ka ji injin yana juyi kusa da 2,700 a minti yana ihu kamar injin niƙa. Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu rediyo, kujera ta roba ce, ƙasa ma roba. In kullum kana bin babban titi zuwa wurin aiki, ka haƙura da ita tun yanzu.

Amma in gona ce, ko ɗaukar itace, ko jan tirela a hanyar da ta lalace, nan take nuna kanta. An tsara ta ta ɗauki tan ɗaya da kwata. Aksul ɗin gaba Dana 60 ne, na baya kuma babban na GM ne, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, mai noti 14, an sa masa Detroit Locker, wanda ke sa tayoyin baya biyu su ja tare ko da ɗaya ta faɗa cikin santsi. Masu wasan hawa duwatsu da mota sukan sayi M1008 don waɗannan aksul kawai su zubar da sauran, abin da ke ba ni haushi.

Kada ka rikita ta da 'yar uwarta M1009, wadda Blazer ce mai rufi, aksul ɗinta ƙanana amma ta fi sauƙin tafiya a kan titi. Akwai kuma M880 ta Dodge da ta riga su, ta 1976 da 1977, mai shan fetur.

Na biyu, inda ake samunta

Kayan da sojan Amurka suka gama da su suna bi ta hannun DLA, hukumar da ke kula da kayan aikin soja, motocin kuma ana gwanjonsu a shafin GovPlanet. Sai dai yawancin waɗannan a-kori-kura sun bar bariki tuntuni. Da yawa sun koma hannun 'yan kwana-kwana na ƙauyuka da ma'aikatan gandun daji, don haka ka riƙa leƙa shafukan gwanjon kayan gwamnati na GovDeals da GSA Auctions. Sauran suna hannun mutane, a Facebook da Craigslist. Ni na fi son wadda ta fito daga jihohi masu busasshiyar ƙasa irin Arizona ko Texas, domin a jihohin arewa ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa cin ƙarfe yake kamar gara.

Na uku, takarda kafin ƙarfe

Motar gwamnatin tarayya ba ta zuwa da takardar mallaka irin ta jiha. Abin da ake ba ka shi ne fom mai suna SF-97, shi za ka kai ofishin rajistar motoci na jiharka a ba ka takardar mallaka da lamba. Ka tabbatar tallar gwanjon ta ce za a bayar da shi, ka kuma duba ko an buga masa hatimin cewa ba ta titi ba ce, kamar yadda ake yi wa jif ɗin soja Humvee da yawa. Wasu kayan sai ka cike takardar bayanin abin da za ka yi da su, ka jira a amince kafin a sake maka motar, jiran kuwa yakan ɗauki makonni. In daga hannun mutum za ka saya, ka gwada lambar shasi mai harafi 17 da ke jikin motar da wadda ke takarda. Duk wanda ya ce maka takarda ta ɓata amma samo wata ba wuya, ka ce ya samo tukuna.

Na huɗu, dubawa, kuma nan ne aikin yake

Ka je da sassafe, ka roƙi mai ita kada ya tayar kafin ka iso. Ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa. Injin 6.2 mai lafiya yana tashi bayan fitilar jira da ke kan dashbod ta mutu, ya ɗan yi farin hayaƙi ya daina. Hayaƙin da ya ƙi tsayawa, ko kumfa a bakin lagireto, alamar gaskit ne ko tsagewar kan silinda. Buɗe murfin zuba baƙin mai injin yana aiki: in hayaƙi yana bulbulowa kamar tukunyar dambu, injin ya gaji.

Kada ka yarda da maleji. Lamba biyar gare shi, yana kai 99,999 ya koma sifili, kuma sojoji kan canza agogon gaba ɗaya in ya lalace. Motar da ta shekara ashirin a tsaye ma ba abin murna ba ce, don zama yana kashe roba fiye da tafiya.

Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. Ka soki ƙasan ɗakin direba, da gindin ƙofofi, da kusurwoyin bayan ɗaki. Ka duba shasi daidai inda akwatin sitiyari yake ɗaure, don nan motocin GM na wancan zamani suke tsagewa. A gaban injin akwai wani fuli mai nauyi da zoben roba a tsakiyarsa, wanda ke shanye girgizar karanshaf. In robar ta tsattsage ko ta fara fitowa, ka sa shi cikin lissafi, domin sakaci da shi yana iya karya karanshaf ɗin.

Sai wayarin, wanda shi ne ke sa masu gyaran wuta tsaki. Motar tana da batir biyu da altaneta biyu. Kik ɗinta yana aiki da bolt 24 don ya dace da sauran motocin soja, shi ya sa akwai wani babban soket a gaba da ake jona mota da mota. Fitilu da sauran kaya kuwa bolt 12 ne. Altanetar ɓangaren fasinja ta musamman ce, ba a haɗa wayar ƙasanta da bodi. Wanda bai sani ba ya sa mata ta kasuwa, sai tartsatsi da ƙaurin waya. Hita-fulog guda takwas, masu ɗumama injin kafin ya tashi, na bolt 12 ne, ana rage musu wuta ta wata na'ura da ke bayan injin. Matsalar ita ce in ɗaya ya mutu, wutar da ke zuwa wa sauran tana ƙaruwa, sai su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, wasu su kumbura su ƙi fita. Saboda haka ka leƙa ƙarƙashin dashbod. In ka ga wayoyi a yayyanke an naɗe da salatif, ka rage kuɗi sosai ko ka juya.

Na biyar, lissafi

Kuɗin da ka taya ba shi ne kuɗin mota ba. Akwai kason masu gwanjo, da haraji, da kuɗin takarda, da na janwe, da tarar ajiya in ka wuce ranakun da aka ba ka ka kwashe kayanka. Kuma yadda ka gan ta haka ka saye ta, ba a mayarwa. Ko an ce tana tashi, kada ka tuƙo ta gida. A ɗoro ta.

Na shida, watan farko

Sauke littattafan gyaranta na soja, jerin TM 9-2320-289, kyauta suke a intanet, kuma sun bi komai dalla-dalla har da zanen wayarin. Juye duk wani mai da ruwa da ke cikinta, canza matatun mai, da fanbel, da tiyon lagireto, da tiyon man gas na roba, don iska ce ke shiga ta nan ta hana injin tashi. A kula da birki: sojoji suna amfani da man DOT 5, mai ruwan shunayya, ba ya gauraya da DOT 3 na kanti. Tayoyi ko da zanensu bai ci ba, duba lambobi huɗu na ƙarshe na lambar DOT da ke gefensu, mako ne da shekarar da aka yi su. In lambobin uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000.

Abu guda da nake roƙon kowa ya yi kafin komai shi ne canza ƙaramin rile na kik da ke ƙarƙashin dashbod da babba mai ƙarfi. Ni na yi jinkiri. Wata Juma'a bayan an idar da salla na murza makulli, injin ya tashi, amma kik ya ƙi saki. Na zare makulli, yana ta juyi. Kafin in samo sifana in cire kan batir, hayaƙi ya fara fitowa daga bonet, jama'a sun zagaye ni ana ta sannu. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare gaba, amma ka riƙa ajiye sifanar kusa." Kik ɗin da na saya daga baya ya ninka kuɗin rilen sau da yawa. Ka kuma tabbatar ƙarfen da ke tallafe kik ɗin ta baya yana nan, don rashinsa na karya notinan da ke riƙe shi. Kada ka fesa man tayar da inji na gwangwani a injin da ke da hita-fulog.

Na bakwai, zama da ita

Daɗin abin shi ne yawancin kayanta na Chevrolet K30 ce ta 1984, ana samunsu a kowane kantin kayan mota, ba tsada. In ka je saye, ka ambaci wannan sunan, don in ka ce M1008 mai kanti zai tsaya yana kallonka. Lambar motocin tarihi tana da araha a jihohi da yawa, amma tana taƙaita amfani, ba ta mai ɗaukar kaya kullum ba ce.

Fentin soja da ake kira CARC yana da illa ga huhu in ana goge shi, sai da abin rufe hanci na ƙwarai, ba ƙyalle ba. Wanda kuma yake tunanin tura ta gida, ya fara bincika ƙa'idar fitar da kayan soja daga Amurka da ta kwastam, ya kuma sani cewa a Najeriya akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai koren fentin soja. Sai an sake mata launi kafin ta hau titi.

Sannan ka canza makullin tayarwa da na ƙofa. Duk motocin CUCV makulli iri ɗaya aka yi musu, don kowane soja ya iya tayar da kowace, kuma ana sayar da shi a intanet da 'yan daloli kaɗan.