Kurakuran Bahaushe a koyon Sifaniyanci, da yadda za a gyara su

Babban kuskuren da na daɗe ina yi shi ne bi ta Turanci. In shirya magana da Hausa a zuci, in juya ta Turanci, sannan in nemi Sifaniyancinta. Wahalar banza ce, domin a wurare da dama Hausa ta fi Turanci kusa da harshen nan. Bahaushe yana cewa "ina da shekara talatin", Basifaniye ma haka yake cewa: tengo treinta años, tengo kuwa "ina da" ne. Wanda ya ratsa ta Turanci shi ne zai ce soy treinta, a yi ta kallonsa.

Haka batun ser da estar da ake ta tsoratar da ɗalibai da shi. Ka tuna bambancin "Audu malami ne" da "Audu yana kasuwa". Inda za ka sa ne ko ce, galibi ser ake nema: es profesor. Inda za ka faɗi wurin da mutum yake ko halin da ya tsinci kansa a ciki, estar ne: está en el mercado. Ba ko'ina awon ke cika ba, amma zai kai ka nesa. A kula dai: estoy aburrido na nufin zaman ya ishe ni, soy aburrido kuma ni ne mai gundurar mutane.

Sai jinsi. Mun saba da namiji da tamata a suna, kuma mu ma yawancin kalmomin mata da -a suke ƙarewa, to mun samu sauƙi. Tarkon shi ne ɗaukar jinsin Hausa a kai can. Rana a wurinmu mace ce, wata namiji. Su kuwa el sol namiji, la luna mace. Kamar yadda gida da ruwa suka ƙare da -a amma maza ne, su ma suna da el día, el mapa, el problema. Maganin ɗaya ne, kada ka haddace suna tsirara, haɗa shi da el ko la tun ranar farko. Af, in ka ji sun ce rana, kwaɗo suke nufi.

Inda muka fi shan kunya shi ne p da f. Bakinmu bai raba su ba, nasu kuwa ya raba: puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa. Ni kaina na taɓa neman kaza, pollo, a gaban malamarmu, f ta kuɓuce mini, matar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Sai bayan darasi wani ya raɗa mini cewa abin da na faɗa batsa ce a Sifaniya. Ka riƙa tsayawa gaban madubi: a p leɓɓa biyu suna haɗewa su buɗe, a f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ita ma ƴar lanƙwasar da ke kan ñ ba ado ba ce. Año shekara ce, in ka yar da lanƙwasar ka koma maganar dubura. Harafin h ba a furta shi sam, hola "ola" ce, j kuma daga maƙogwaro take fita, Juan ya fi kusa da "Huwan". Kaɗa harshe a perro, kare, don ya bambanta da pero mai nufin "amma", wannan bai cika ba Bahaushe wuya ba.

Kalmomin Larabci ma suna ruɗi. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har faɗuwar Granada a 1492, shi ya sa za ka ji azúcar ka tuna sukari, aceituna ka tuna zaitun. Amma alcalde, duk da tushensu ɗaya da alƙali, magajin gari ne, ba ya yanke hukunci a kotu.

Wani kuskuren shi ne zaton Sifaniyanci iri ɗaya ne ko'ina. Meziko ta fi kowace ƙasa yawan masu jin sa, kuma can ba a amfani da vosotros na Madrid, wato "ku" ta jam'i, ustedes suke cewa. A Ajantina vos ya maye gurbin tú, wato "kai" ko "ke". Coger a Sifaniya ɗauka ce kawai, a Meziko da Ajantina kuwa batsa ce, kada ka kuskura, ka ce tomar. Dattijo ko baƙo usted ake ce masa, kamar "ku" ɗinmu ta girmamawa. Tortilla a Sifaniya wainar ƙwai ce da dankali, a Meziko gurasar masara. In kuma an gayyace ka cin abinci, ka koyi tambayar ¿lleva cerdo?, wato akwai alade a ciki? Ka tambayi jamón, naman cinyar alade, da manteca, kitsen alade, daban, domin wani mai abincin ba ya lissafa ƴan yankan jamón ko kitsen da aka soya wake da shi a cikin nama.