Yadda ake zaɓar fulogi da kula da tsohon injin kwale-kwale

Tsohon inji mai shan fetur haɗe da baƙin mai, in ya fara gardamar tashi, fulogi ake fara tuhuma. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ɗaura duk wanda ya shiga ramin, su ce ai ya yi.

Fara da lambar da kamfanin injin ya bayar, a littafinsa ko a takardar da ke manne jikin injin. Ɗauki fulogin kamfanin NGK mai lamba B7HS, wanda ake sa wa ƙananan injinan Yamaha da dama. B na nufin kaurin haƙoransa milimita 14, H kuma tsawonsu milimita 12.7. Mai E a madadin H tsawonsa milimita 19 ne. Zai murɗu lafiya lau, amma kansa na iya cin karo da fistan.

Lambar 7 ɗin nan ita ce ta zafi, kuma a nan ake yawan ruɗewa. A NGK, in lamba ta hau, fulogin ya fi sanyi. A fulogin kamfanin Champion, wanda tsofaffin injinan Johnson da Evinrude suka saba da shi, akasin haka ne: J6C ya fi J4C zafi. Mai sanyi da yawa ba ya ƙone dattin da ke taruwa a bakinsa, sai inji ya riƙa tsallen wuta. Mai zafi da yawa ya fi haɗari, don yana iya huda fistan ana tsakiyar ruwa.

Sai ka auna tazarar bakin, wato tsakanin ƙarfen tsakiya da na gefe, ko da sabo ne fil. Yawancin tsofaffin Johnson da Evinrude inci 0.030 suke so, wajen milimita 0.76 ke nan. In ka ga -10 a ƙarshen lambar NGK, tazararsa milimita 1 ce. Ƙarfen gefe ake lanƙwasawa a hankali, kada ka taɓa na tsakiya.

Bari inji ya huce kafin ka kwance. Wajen ɗaurawa fara da hannu, domin ramin na alminiyum ne, haƙoransa ba su da wuyar lalacewa. In ya zauna, ƙara kamar rabin zagaye da sifana in sabo ne, tsoho kuwa ɗan kaɗan ya isa.

Kada ka jefar da wanda ka cire ba ka duba bakinsa ba. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce. Baƙi mai maiƙo, mai ya yi yawa ko an daɗe ana tafiyar hawainiya. Fari fat kuwa zafi ne, ka binciki kafireta da ruwan sanyaya injin kafin ka sake fita.

Haɗin mai ma ka auna shi, ban da kintace. Johnson da Evinrude na 1964 zuwa sama 50 da 1 ne, wato rabin lita na baƙin man injin kwale-kwale mai alamar TC-W3 a lita 25 ta fetur. Na kafin nan 24 da 1 ne, wasu tsofaffin ma 16 da 1.

Kada ka tayar da inji a kan tudu babu ruwa, robar famfon ruwansa takan ƙone nan da nan. In yana da ramin tsartar da ruwa, duba shi duk tashi. Man giyar ƙasa in ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, a sauya robobin da ke tare shi. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabo har ya ɓullo ta na sama, sannan a fara toshe na saman.