Kurakuran Masu Rubuta Fim ɗin Jirgin Yaƙi da Ya Koma Zamanin Baya

Na gaji da karanta labari iri ɗaya daga hannun sababbin marubuta. Guguwa ta taso a teku, ta haɗiye jirgin ruwan yaƙi na zamani, ta tofar da shi a 1941, daga nan kuma sai ruwan wuta har fim ya ƙare. Dabarar ba ta da laifi, wajen aikin ne ake tafka ɓarna, kuma ɓarnar kullum a wuri guda take.

Babbar cikinsu ita ce mantawa da cewa jirgin kaɗai ya koma baya, duniyar da ke ciyar da shi ba ta bi shi ba. Za ka ga marubuci ya sa kyaftin ya leƙa allon kwamfuta, GPS ta nuna masa inda yake. Da wane tauraron ɗan'adam? Na farko a duniya, Sputnik, sai 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba shi. A 1941 dole mai duba hanya ya koma ga taswira da agogo da auna taurari. Ɗauki jirgin dakon jiragen sama irin Nimitz na Amurka. Injinsa na nukiliya ne, zai yi shekaru yana yawo bai sha mai ba. To amma jiragen da ke kansa fa? Man jet suke sha, alhali Amurka ba ta tashi jet ɗinta na farko ba sai Oktoban 1942. Duk makami mai linzamin da aka harba ya tafi ke nan, babu masana'antar da za ta ƙera madadinsa. Kayan gyara haka. Ga mutum sama da 5,000 da za su ci abinci kullum.

Wannan kuskuren ya taɓa cinye min rabin labari. Wani tsohon sojan ruwa na ba wa ya duba, ya kai tsakiya, ya ɗora yatsa a kan wata fitowa ya ce, "Waɗannan jiragen naka da me suke tashi?" Tun daga nan nake ajiye takarda a gefen rubutu, in jera mai da makamai da abinci, duk fitowar da aka yi faɗa in rage. Idan takardar ta fara tsorata ni, na san mai kallo ma zai gyara zama.

Akwai ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka mayar da mutanen 1941 wawaye: suna da rada, na'urar hango jirage daga nesa, har ma ta tashar Opana a Hawaii ta hango jiragen Japan suna tahowa kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, ranar 7 ga Disamba, jami'in da aka gaya wa ya ɗauka jiragen yaƙin Amurka ne samfurin B-17 da ake jira daga Kalifoniya. Kada ka cika Pearl Harbor da jiragen dakon jiragen sama na Amurka, ranar harin babu ko ɗaya a ciki. Ka tuna baƙar fata a rundunar ruwan Amurka ta lokacin aikin abinci da hidima aka taƙaita musu, don haka hafsanka baƙi zai gamu da wariya ko da ya zo ceton mutane ne. Sannan ka tsayar da doka ɗaya tun farko, tarihi yana sauyuwa ko ba ya sauyuwa, ka riƙe ta.

Na biyun da ke ƙona min rai shi ne gudun hukunci. Kai ka kai kyaftin ranar 6 ga Disamba, 1941. Ya san gobe Lahadi jiragen Japan 353 za su taso daga jiragen dako shida, ya san mutum 2,403 za su mutu. Yana da ƙarfin hanawa. In ya hana, wa ya ba shi umarni? Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba tukuna, shugaban da ya san shi da shi kuma bai hau mulki ba. In harin bai auku ba, yaushe za ta shiga, Turai kuma ina za ta kwana? Matuƙan da ke ƙarƙashinsa, wa zai ce iyayensu za su haɗu har a haife su? Nan ne zuciyar labarin, amma da an zo nan sai ku sake kiran guguwa ta kwashe jirgin ta mayar da shi gida. Fim ɗin The Final Countdown na 1980 haka ya ƙare, an riga an tashi jirage, guguwar ta dawo kafin a gwabza. Shi ya yi nasa tun tuni. Ku me ya sa kuke maimaitawa? Haba! Ka tara mutane, ka ɗora musu tambaya mai nauyi haka, ka bar iska ta amsa? Wannan tsoro ne, kuma mai kallo yana gane shi.

Ni yanzu fitowar hukuncin nake fara rubutawa kafin komai. Kyaftin da mataimakinsa a ɗaki, ƙofa a rufe, ɗaya yana cewa a kai hari, ɗaya yana cewa a bari, kuma nakan ba wanda ba na goyon bayansa hujja mafi ƙarfi. Sai kyaftin ya furta abin da ya zaɓa da bakinsa, na ga wanda zai mutu sanadin zaɓin, sannan nake komawa shafi na farko in rubuta guguwar.