Rabuwar aure a Ingila: riƙon 'ya'ya, ciyarwa da rabon dukiya

Tun ana zaman lafiya ya kamata sabon zuwa ya bincika ko dokar Ingila ta san da aurensa. Auren da aka ɗaura a Najeriya ko Nijar bisa ƙa'idar can, kotu na karɓarsa. Wanda kuwa aka ɗaura a gida ko a masallaci a nan Ingila ba tare da rajista ba, a idon doka ba aure ba ne, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Matar da ke cikin irin wannan aure ba ta da hurumin neman rabon dukiya na ma'aurata, sai abin da ya shafi 'ya'ya. Sakin da miji ya furta ko ya rubuta a nan ma ba ya raba aure a hukumance. Kotu ce ke rabawa: daga 6 ga Afrilun 2022 ba sai an ɗora wa kowa laifi ba, amma sai auren ya haura shekara guda, a jira mako 20 kafin hukuncin farko, sannan mako 6 da kwana 1 kafin na ƙarshe. Sukotland tana da nata tsarin daban.

Zancen 'ya'ya na uba ne, ko uwa ce ke da riƙo har shekara kaza, ba ya tasiri a gaban alƙali. Dokar Yara ta 1989 maslahar yaro kawai ta sa a gaba. Kafin a cike fom C100, wato takardar neman kotu ta yanke hukunci kan 'ya'ya, sai an halarci zaman bayani kan sulhu, in ba akwai shaidar cin zarafi ba. Jami'an Cafcass, hukumar da ke ba kotu shawara kan maslahar yara, za su tattauna da iyayen, wani lokaci har da yaron. A nan mutane ke ɓata shari'arsu da kansu: hana ɗayan ganin yaro, zagin uwa ko uba a gabansa, saƙonnin barazana ta WhatsApp. Duk suna iya bayyana a kotu.

Mafi haɗari shi ne ɗauke yaro a fitar da shi daga ƙasar a kai shi gida wurin kaka ba da yardar ɗayan ba. Laifi ne mai iya kai mutum gidan yari. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan maido da yaran da aka ɗauke, shi ya sa wanda ke fargabar haka gara ya nemi umarnin hana fita tun yaron bai bar ƙasar ba.

Kuɗin ciyarwa yawanci hukumar Child Maintenance Service ce ke lissafawa. Wanda yaran ba sa zaune wurinsa, in yana samun fam 200 zuwa 800 a mako kafin cire haraji, zai biya kashi 12 cikin 100 na yaro ɗaya, 16 na biyu, 19 na uku ko fiye. In yaran na kwana wurinsa dare 52 zuwa 103 a shekara, a rage masa kashi ɗaya cikin bakwai. Ana biya har yaro ya kai 16, ko 20 in yana karatun da bai kai jami'a ba. Rashin ganin yaro ba hujjar daina biya ba ce.

Wajen rabon dukiya kowa zai cike fom E, ya bayyana duk abin da ya mallaka, har fili da gida da asusun da ke ƙasarsa. Ɓoyewa na iya sa a sake buɗe shari'ar bayan shekaru. Sunan da ke kan takardar gida ba shi ne ƙarshen magana ba, renon yara ana ɗaukarsa daidai da nemo kuɗi, fansho ma ana rabawa. Abin da dattawa suka sasanta a kai wa alƙali ya sa hannu, in ba haka ba ƙofar ƙara a buɗe take. Kuma kada a yi gaggawar sabon aure da zarar an gama idda: wanda ya sake aure kafin ya shigar da buƙatar rabon dukiya yawanci ya rasa damar.

Mai bizar aure dole ya sanar da ma'aikatar cikin gida rabuwar, galibi a rage masa izinin zama zuwa kwana 60. Ya ga lauyan shige da fice tun kafin wasiƙar rage izinin ta iso.